Ankon da Ba Mu Ɗinka Ba

Ni dai tun ina yarinya an san ni da baki. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan ce da ana auna magana a mudu a sayar, da tuni na gina mata gidan sama. Dariya maganar ke ba ni, har shekarar da bakin nan nawa ya kayar da mijina zaɓe, ya kuma kusa raba ni da matar da ta fi kowa ƙaunata a Zongon Lome. Jikokina sun dame ni da tambayar wani tsohon zanen goyo da nake ajiyewa a ƙasan adaka, kore mai tsuntsaye, wanda ba na bari a yi shimfiɗa da shi. To, su zauna su ji.

Matar nan Yaya nake ce mata, ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Ƙofar gidansu na kallon tamu a tsohon Zongo na cikin gari, tun kafin a tashe mu a dawo da mu bayan gari. Ita ta koya mini ɗaurin kallabi, ita ta raka ni ɗakin miji. Haihuwa huɗu na yi kafin wannan shekara, kuma duk huɗun ita ce ke fara shigowa da itace da ganyen darbejiya, ta ɗora tukunya, ta yi mini wankan jego har kwana arba'in. Babu hannun da ya taɓa yi mini wankan nan sai nata. Mijinta Alhaji ne mai motocin haya, yana da uku da ke jigilar mutane da kaya zuwa arewa. Nawa mijin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, haifaffen Lome, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Malam nake ce masa. Ni kuma ina da 'yar rumfar atamfa a babbar kasuwa, a gindin manyan matan nan masu Marsandi, abin da suka rage nake sara.

A wancan zamanin, jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kowa ɗanta ne, ko ya so ko ya ƙi. Zaɓe a wurinmu mata ranar sa sabon zane ce kawai: a miƙo miki takarda ɗaya, ki jefa, ki dawo ki ɗora girki. Sai wata shekara aka ce an sassauta. Kujerar kansila, mai wakiltar unguwa a wurin magajin gari, mutum fiye da ɗaya zai iya nema, duk a cikin jam'iyyar, jama'a su zaɓi wanda suke so. Aka haɗa Zongo da unguwar 'yan ƙasa da ke tsallaken titi, kujera ɗaya gare mu. Mun fi su yawa, wannan ko makaho ya sani. Kuma muna da abin nema, domin tun da aka dawo da mu nan ruwan rijiya muke sha, mai zartsi, sabulu ma ba ya kumfa a cikinsa. Famfo muke so.

Dattawa suka ce mutum ɗaya Zongo zai tsayar, kada ƙuri'a ta rabu. Tun ba a san ko wane ne ba, ni da Yaya muka shiga kasuwa neman anko, tunda a wurinmu ba a taro ba anko. Muka juye rumfuna har ƙafa ta gaji, sannan muka tsaya a kan wata koriya mai fararen tsuntsaye. Yaya ta ce, "Ko wa aka tsayar, wannan matan Zongo za su sa." Na saro wadda za ta ishi unguwa, aka jibge a ɗakinta, don nata rufin ba ya yoyo.

Bayan ƙaramar salla da 'yan kwanaki sunaye suka fito, guda biyu: Alhajinta da Malam ɗina. Yaya ta shigo gidana tana dariya har da riƙe ciki. "Ƙanwata, kin ji mazanmu? Bar su su yi ta yi, Juma'a mai zuwa dattawa za su raba gardama. Mu dai tsuntsayenmu na nan."

Juma'ar ta zo ta wuce, ba a raba komai ba. Kun san Zongo, kowace kabila da shugabanta, Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani, Yarbawa, kuma kowanne sai an ji ta bakinsa. Wannan Juma'ar a ce shugaban Fulani ya bi shanu, waccan a ce na Zabarmawa bai ji daɗin inda aka zaunar da shi ba. Direbobi da mahauta suka bi Alhaji. Samarin da suka yi lakwal da masu aikin ofis suka bi Malam. Kafin ka ce kwabo abin ya shiga masallaci, ana leƙen wanda ke gefe kafin a tayar da salla. Mai kokon bakin layinmu ma sai da aka san na wane ne ke sayen kokonta.

Su kuwa na tsallaken titi zama ɗaya suka yi suka tsayar da nasu, wani tsohon ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya. Muna can muna cacar baki, shi yana kan ɗan babur ɗinsa gida-gida, har cikin Zongo. Ya gaishe ki da Hausarsa mai gargada, ya taɓa goshin yaronki, ya ce a ba shi ruwa da yawa. Mun gan shi sarai, muka ce ai ba shi da jama'a.

A mako na uku Malam ya dawo daga lakwal, ya zauna bakin gado bai ko cire takalmi ba. Ya ce, "Maman yara, ina ganin in bar wa Alhaji. Ya girme ni, kuma lokaci na tafiya."

Da na yi shiru a ranar, da labarin ya ƙare a nan. Amma a safiyar ranar an kawo mini gulma har rumfa, wai dangin Alhaji na cewa Malam Nasara ne baƙar fata, ba a ganinsa sallar asuba, kuma matarsa ce ke juya shi kamar waina. Raina a ɓace yake. Na ce, "Ka bar masa? In an kawo takarda a zauren magajin gari wa zai karanta masa, ɗan kamashonsa? Wallahi in ka janye, gobe ba ni da fuskar shiga kasuwa." Na yi ta yi har ya cire takalmin ya kwanta ya juya mini baya. Bai janye ba.

Kashegari na ɗauko wata atamfa ja mai zanen fanka na raba wa matan ɓangarenmu. Ba a yi kwana uku ba matan ɓangaren Alhaji suka fito da shuɗiya. Tsuntsaye kuwa suna can ɗakin Yaya, ko almakashi ba su gani ba.

Wata la'asar Yaya ta zo da fura a kwano, ba ja ba shuɗi a jikinta, zanen gida kawai. Ta ce, "Ƙanwata, abin nan ya isa. Tashi mu je mu durƙusa wa mazan nan tare, ɗaya ya haƙura. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ina ganin ƙadangaren kullum a kan babur."

Na ce, "To Alhaji ya haƙura mana, Yaya."

A lokacin ina da juna biyu. Ta dubi cikina ta ce, "Wata nawa ke nan?" Na ce biyar. Ta ce, "Ki rage tsayuwa a rana." Ta bar mini furar ta tafi.

Yanzu sai in gaya muku wata doka ta Zongo, wadda ba a rubuta ba, ba a kuma koya wa yaro ita, tashi yake ya tarar da ita. A Zongo ba a tambayar mutum takardarsa. Kana iya tambayarsa sana'arsa, da malaminsa, da yawan 'ya'yansa, har abin da ya ci jiya. Amma inda aka haife shi da abin da katinsa ya ce, wannan tsakaninsa da Allah ne. Dalili kuwa, da yawa daga iyayenmu da mazanmu da ƙafa suka zo, bayan shanu ko bayan goro, wasu a goye. Daga baya mutum ya nemi shaidu biyu, a je gaban alƙali, a rubuta masa wani gari na cikin ƙasa a ce nan aka haife shi. Kowa ya san da haka, kowa ya rufe bakinsa, domin in ka tona na wani, na kawunka ka tona.

Ni kuwa na san na Alhaji. Shekaru kafin nan, Yaya na yi mini kitso, kaina a cinyarta, ta ba ni labari tana dariya: a wani ƙauye can ƙetaren iyaka aka haife shi, yana ɗan shekara bakwai aka zo da shi, garin da ke cikin takardarsa kuwa sai da ya fara tuƙi ya taɓa ganinsa. Hirar kitso ce, irin wadda mace ke yi da wadda ta yarda da ita.

Bayan babbar salla, wata biyu da ɗoriya ana abu ɗaya, aka yi suna a gidan wani mahauci. Tsakar gida cike, ja a gefe, shuɗi a gefe. Yaya na bakin tukunya tana zuba shinkafa. Sai ƙanwar Alhaji ta soma habaici, wai masu matsattsen wando da magana ta hanci, in sun hau kujera sai sun sa a yi kiran salla da Faransanci. Shuɗi suka kwashe da dariya. Jinina ya hau. Na miƙe, da cikina da komai, na ce, "Mu dai namu an san ɗakin da aka binne cibiyarsa, ga shi can tsohon Zongo. Wasu kuwa a je a duba, cibiyarsu na wata ƙasa, takardarsu na wata."

Ban taɓa jin tsakar gidan suna ta yi tsit irin na ranar ba. Ko matan ɓangarena ba wadda ta yi dariya, wata ma sunkuyar da kai ta yi, don nata mijin haka yake. Yaya ta ajiye ludayin a kan murfin tukunya a hankali. Ta dube ni, ta gyara mayafi ta fita. Magana zarar bunu ce. Na so in bi ta, girman kai ya zaunar da ni, har na karɓi shinkafa na ci.

Kwana huɗu bayan nan aka aiko wa Alhaji ya je wani ofis a cikin gari. Har yau ban san wanda ya kai maganar ba, a zamanin bango ma kunne gare shi. Tun safe ya tafi, sai bayan la'asar ya dawo. Ba a taɓa shi ba, an kuma mayar masa da takardarsa, amma wanda ya san zamanin ya san abin da wuni ɗaya a irin wannan ofis ke yi wa mai iyali. Da ya dawo ya aika wa dattawa cewa ya janye, a tsayar da Malam.

Ba zan ɓoye ba, na yi guɗa. Allah ya yafe mini, har rawa na taka a tsakar gida. Malam kuwa ko tuwo bai ci ba. Ya sa babbar riga ya tafi gidan Alhaji. Alhaji ya fito ya ba shi hannu, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam," ya juya ya koma ciki. Da muka ƙirga, saura kwana goma sha biyu zaɓe.

A kwanakin nan na ga abin da na shuka. Mutanen tsallaken titi ba su sha wahalar neman abin faɗa ba, maganata suka ɗauka ɗungurungum. "Su da bakinsu suka ce baƙi ne. Shi wannan malamin, ubansa ba daga Katsina ya zo ba?" A gaskiya tsohon mai babur bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma magoya bayansa sun faɗa a kasuwa, sun faɗa a tasha. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya kashe mu a cikin gida yake. Raɗe-raɗi ya bi Zongo lungu-lungu cewa ranar zaɓe za a tsaya a ƙofa ana binciken takardu. Babu hukumar da ta ce haka, amma wa zai tsaya tantancewa? Na je wurin wani tsoho mai goro a bakin masallaci ina roƙonsa ya fito. Ya ce, "'Yata, Alhaji da motocinsa uku aka kira shi ya wuni. Ni da faifan goro, wa zai je ya karɓo ni?" Na juya na tafi.

Malam ya yi iya yinsa. Ya tashi daga aji ya shiga gidaje har magariba, muryarsa ta dushe. Amma gidan da mai babur ya shiga sau uku yana shan ruwa, shi sau ɗaya ya samu ya leƙa, a tsaye. Samarin da ke bin sa ma sun gaji, duk ƙarfinsu ya ƙare a kan Alhaji.

Ranar zaɓe na sha jar atamfata na tsaya a ƙofar makarantar da ake jefa ƙuri'a. Layin tsallaken titi ya miƙe har gindin mangwaro, tsofaffinsu da sanduna. Namu kuwa kana iya ƙirga su da ido. A nan Alhaji ya yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ya fito da motocinsa uku ya jera a bakin layi don ɗaukar tsofaffi kyauta. Da ya ga ba mai shiga, ya tako da ƙafa tsakiyar titi, katinsa a hannu a ɗage yadda kowa zai gani, ya shiga ya jefa, ya fito lafiya. 'Yan kaɗan suka bi bayansa. Sauran suna leƙe ta katanga, motocin suka wuni a rana babu kowa. Yaya ma ta zo wajen azahar, cikin zanen gida. Ta wuce ta gabana ta ce, "Sannu da tsayuwa," kamar yadda za ta ce wa kowace mace.

Muka faɗi. Da labari ya iso, Malam na zaune a tabarma yana duba littattafan yara. Ya cire tabarau ya ce, "Wata biyu da rabi muka yi muna kokawa da juna, kwana goma sha biyu muka yi muna neman ƙuri'a." Ya mayar da tabarau ya ci gaba da aikinsa. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na gode masa, kuma na ji kunyarsa.

Famfo ya zo, a tsallaken titi. Tsohon nan mai babur da ya ci kujerar mutumin kirki ne, bai hana mu ɗiba ba, ya ma ce a bar wa matan Zongo layin safe. Amma kullum na ga 'ya'yanmu mata na tsallaka titi da bokiti a ka, suna kauce wa manyan motoci, sai in ji kamar ni na ɗora musu.

Tsakanina da Yaya kuwa sai gaisuwa. In na shiga taro mata su sauya zance. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanta, in ji motsinta a ciki, in juyo. Me zan ce? Ciki kuma na ta girma. Mahaifiyata ta rasu, dangin Malam suna nesa. Tsoro ya kama ni sosai, na haihuwar da na bayanta, don ban san wanda zai hura mini wuta ba. Na yi wa wata maƙwabciya magana, ta ce to, irin to ɗin da ba ta kai zuci ba.

Wata rana da hantsi naƙuda ta kama ni, kafin la'asar na sauka, mace. Kashegari rana ta ɗan ɗago ina kwance, sai na ji ana faskaren itace a tsakar gida, na ji an ja babbar tukunya daga inda nake ajiye ta. Maƙwabciyar ba ta san wurin ba. Ban motsa ba, hawaye kawai ke bin kunnena. Can aka ɗaga labule, ga Yaya da damin darbejiya a hannu, hayaƙi ya sa idonta ja.

Ta ce, "Tashi, ruwa zai huce."

Na bi ta bayan ɗaki. Ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta soma fyaɗa mini, kuma wallahi na ranar ya fi na kullum zafi. Na buɗe baki na ce, "Yaya, don Allah ki..." Ta ce, "Juya bayanki." Na juya. Sai da ta gama, ta ɗaura mini zane, ta miƙo mini kunun kanwa, sannan ta zauna a kan turmi ta dube ni.

Ta ce, "Abin da kika yi ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi. Kaina na zarga, ni da na ba ki labarin. Amma jego ba ya jiran a huce, kuma na san babu mai yi miki wankan nan yadda ya kamata. Sha kununki."

Na yi kuka har kunun ya huce a hannuna. Ta karɓa ta sake ɗumamawa.

Ranar suna ta zo da ƙunshi ta ajiye a gefen jaririyar. Na kwance, sai ga tsuntsayenmu, yadi biyu, an kalmashe bakin da ɗinkin hannu. Ta ce, "Na goyo ne. Iya abin da na yanka ke nan. Sauran na nan yadda kika kawo, ki aiko a ɗauka, ya tare mini ɗaki." Da shi na goyi yarinyar har ta yi ƙafa. Ita ce uwar waɗannan masu tambayar.

Kwana arba'in Yaya ta yi tana zuwa safe da yamma. Muka koma hira, muka koma zuwa kasuwa tare, ta ci gaba da yi mini kitso. Sai dai in kaina na cinyarta, zancen farashin tumatir take yi da na ciwon gwiwa. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake gaya mini wani sirri ba, ni kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Haihuwa biyu na ƙara bayan wannan, kuma duka biyun ita ta hura wutar.